Tsohon Maharbi a Jirgin 'Yan Kallo

Mutanen Kaldavik gaba ɗaya, har da jarirai da waɗanda ke kwance a gidan tsofaffi, ba mu kai dubu ba. Jirgin yawon shaƙatawar da ya tsaya a bakin mashigin teku da safiyar Talatar nan kuwa, mutum dubu biyu da ɗoriya ya kwaso. Tun ƙarfe takwas ƙananan jiragensa ke jigilarsu zuwa tasha, a zube wasu a koma ɗebo wasu. Kafin tara sun cika ɗan titin da muke taƙama da shi. An loda wasu a motoci an tafi da su kallon ruwan da ke zubowa daga dutse, wasu sun yi layi a ƙofar coci kamar ana rabon wani abu a ciki, wasu kuma, Allah ya shirye su, suna leƙen tagogin mutane suna ɗaukar hoton labule. Matar mai gidan burodi ta rantse an ɗauki hoton shanyarta ya fi sau ɗari, har da gajeren wandon mijinta.

Steinunn ba ta bi ta kansu ba. Nata rabon mutum arba'in ne, kuma ta san abin da za ta yi da su. Za ta sa musu jajayen rigunan ɗumi, ta fita da su awa uku su ga manyan kifayen nan na teku masu tasowa su fesa numfashi sama, ta ba su cakulan mai zafi da burodin kirfa, ta dawo da su lafiya. Ita ce kyaftin ɗin Kría, tsohon jirgin katako da a da ake kamun kifi da shi, yanzu aka jera masa benci. Shekararta arba'in da shida, kuma duk faɗin arewacin Iceland ba ta ga wanda zai koya mata tuƙi ba. In dai maganar ruwa ce, ko ɗar ba ta ji. Fargabarta ɗaya ce a duniya, mahaifinta Torfi, ga shi can a goshin jirgi da hular ulu, yana kwance igiyar da aka riga aka ɗaura daidai don ya sake ɗaurewa.

Torfi maharbin hrefna ne. Hrefna ita ce ƙarama a cikin manyan kifayen, ƙaramar da tsawonta ya kai rabin Kría. Tun yana saurayi yake tsayawa bayan bindigar mashi a goshin jirgi, har ranar da kasuwar naman ta mutu aka kwance bindigar aka kai gidan tarihi. Wannan ya jure. Abin da ya kasa jurewa shi ne rasuwar matarsa a hunturun da ya wuce. Wata huɗu yana zaune a bakin taga, ba aski, ba rediyo, in an kai masa abinci a dawo a tarar kyanwa ce ta ci. Steinunn ta dubi yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta san in aka bar shi a kujerar nan ba zai ga wani hunturun ba. Sai ta je ta tsare Kolbeinn, mai kamfanin da ke da Kría, ta ce a ba ta tsohon ya riƙa hango musu kifi. Cikin mako uku kumatunsa suka dawo. Bakinsa ma ya dawo, nan kuma matsalar take.

Makon jiya wasu 'yan Ingila, mata da miji da 'yarsu, suka tambaye shi wace irin halitta ce hrefna. Da girmamawa suka tambaya, shi ma da zuciya ɗaya ya amsa. Ya ce halitta ce mai daɗi, in dai an yanka naman siri-siri, an ɗora a kasko mai zafi ƙwarai, ba a bar shi ya daɗe ba, da 'yar albasa. Yarinyar ta yi ta kuka har tasha, takardar ƙorafi kuwa ta riga su isa ofis.

Shi ya sa da safiyar nan Kolbeinn ya sauko tasha da kansa, abin da ba ya yi sai da magana. Ajinsu ɗaya da Steinunn a makaranta, kuma har yau bai manta ta taɓa hankaɗa shi ruwa daga kan wannan tashar ba.

"Steina, minti ɗaya."

"Rabin minti. Ina da baƙi."

"Ai maganar baƙin ce. Kin ga waccan mai farin gashi da takarda a hannu? Annegret sunanta, ma'aikaciyar babban jirgin ce. Duk abin da ta gani rubutawa take, kuma rubutunta manyansu ke karantawa kafin su ce za su sake turo mana mutane ko ba za su turo ba."

"To ta rubuta mana. Kría ba ta da abin ɓoyewa."

"Kría ba ta da shi. Ke kina da shi, ga shi can yana wasa da igiya." Kolbeinn ya rage murya. "Ina ganin girman Torfi, ke ma kin sani. Amma na gaya miki, sau ɗaya ya rage. Aka sake kawo ƙararsa, to yau ce ranarsa ta ƙarshe a jirgina. Ba na so, amma zan yi."

"Ba za a kawo ba."

"Kina faɗa gaba gaɗi kamar ke ce ke riƙe da bakinsa."

"Ni ce mana. Matsa, ka tare wa mutane hanya."

Ta wuce goshin jirgi. Torfi ya gama da igiyar, ya buɗe gwangwanin tabarsa ta hanci, ya zuba a bayan hannu yana shaƙa.

"Baba."

"Na'am, ranki ya daɗe, Kyaftin."

"Yau ba ka jin Turanci."

"Tun yaushe?"

"Tun yanzu. Kowa ya tambaye ka wani abu, ka yi masa murmushi ka tura shi wajen Bylgja, ita ce mai yi wa baƙi bayani."

"In ban-ɗaki yake nema fa?"

"Ka nuna masa ƙofa."

"Wato mutum ya tambaye ni gaskiya, in zama kurma."

"Awa uku kacal, Baba. Don Allah." Ta kama hannun rigarsa. "Ba na son ka koma tagar nan."

Ya dube ta, ya kawar da kai, ya fyace hanci a jan ƙyallensa. "Na ji. Je ki tuƙa jirginki, kada ki buga mana shi a bango."

Ƙarfe sha ɗaya suka fita. Bylgja, wadda malamar makaranta ce da hunturu, da bazara kuma ta riƙe makirfo, ta fara yi wa baƙi bayani. Ruwa ya kwanta lamo, tsuntsaye na shawagi, kowa ya ɗaga waya yana jira a fito masa da kifi kamar an yi alkawari da kifin. Wani mai jar fuska ya tsaya gaban Torfi ya jero masa tambayoyi uku. Torfi ya washe baki har kunne, ya nuna Bylgja. Daga ɗakin tuƙi Steinunn ta gani, ta ce a ranta, yawwa, haka nake so.

Ba su yi minti arba'in ba hazo ya sauko daga bakin mashigin. Irin hazonmu na bazara ne, wanda ba ya sallama. Ka ga dutse yanzu, ka juya ka tsiyaya gahawa, ka waiwayo babu dutsen, babu ma ƙarshen jirginka. Baƙi suka sauke wayoyi. Bylgja ta yi ta maza ta koma labarin tsuntsaye, ta gama, ta shiga labarin duwatsun da ba wanda ke gani. A rediyo kyaftin ɗin sauran jiragen na ta ƙorafi, wannan ya ce bai ga komai ba, wancan ya ce shi kam ya juya gida. Steinunn ta ci gaba a hankali, ta bi inda ta san ƙananan kifaye na taruwa. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama hanya. An raba cakulan tun lokacinsa bai yi ba, don a samu abin yi.

Annegret ta hau ɗakin tuƙi. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya, irin waɗanda sun fi masu faɗa ban tsoro.

"Kyaftin, ƙarfe ɗaya da kwata. Uku da rabi ake rufe ƙofar jirginmu, kuma ba ya jiran kowa."

"Biyu da kwata za ki taka tasha da ƙafarki."

"Da kifi ko ba kifi?"

"Da kifi."

"A cikin wannan hazon?"

"Ai su ba su san an yi hazo ba," in ji Steinunn. "Suna nan ƙasa suna cin abincinsu."

Ta faɗa ne da ƙarfin hali, amma ba a banza ba, domin ta ga abin da Annegret ba ta gani ba. Tun da hazo ya sauko Torfi ya rufe gwangwanin tabarsa ya cusa a aljihu. Ya fyace hanci sau biyu, ya cire hular ulu don kunnuwansa su fito, ya je can ƙarshen goshin jirgi ya tsaya, ƙafafu a ware. Numfashin hrefna wari gare shi, warin ruɓaɓɓen kifi haɗe da kabejin da ya kwana uku, kuma in ba iska yakan tsaya a kan ruwa bayan ita ta nutse. Torfi kan ce ido na yara ne.

Can sai ya mayar da hannun hagu bayansa, ya dunƙule.

Steinunn ta kashe inji kafin ma ta san ta kashe. Bazara tara ta yi tana tuƙa wa mahaifinta jirgin farauta, tun tana budurwa, kuma a jirgin farauta ba a magana, domin hrefna na da kunne. Maharbi na gaba, hannun dama a kan bindiga, hannun hagu a bayansa yana tuƙa mai tuƙi. Dunƙule, a kashe inji. Tafin hannu a kife, a tafi a hankali. Yatsa ya nuna, a karkata can. Mai tuƙi ba ya kallon ruwa, hannun nan kawai yake kallo.

Jirgi ya yi tsit. Bylgja ta sa yatsa a leɓe, mutum arba'in suka haɗiye maganarsu. Ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga igiyoyi. Sannan, daga wani wuri a cikin farin hazon, aka ji wani dogon huci, fuuu, kamar an buɗe bakin babbar tukunya. Bayan ɗan lokaci warin ya iso. Wata mata ta toshe hanci tana dariya ƙasa-ƙasa.

Hannun ya buɗe, ya kife. Steinunn ta tayar da inji a mafi ƙanƙantar muryarsa. Yatsa ya nuna dama, ta karkata dama. Ya girgiza kaɗan, ta rage. Ya nuna hagu, ta bi. Kai, daɗin da ta ji! Shekara goma sha huɗu rabon da ta ga hannun nan yana magana, ga shi yau ba inda ya yi tuntuɓe, ita ma ba inda ta yi. Bayan tsohon ya miƙe, wuyansa ya tsaya, kamar ba shi ne ya yi wata huɗu a kujera ba. Ta ji ƙwalla na neman zuwa, ta mayar da ita, ta ƙura wa hannun ido.

To, masu jiragen kallo suna da dokar da suka yi wa kansu. Ba a bin kifi ta baya, ba a matsa masa ƙasa da mita hamsin. A tsaya daga gefe, in ya ga dama shi ya zo. Steinunn na cikin waɗanda suka sa wa dokar hannu, kuma ba a ƙirga sau nawa ta wanke wani kyaftin tas a rediyo don ya taka ta. Maharbi kuwa ta baya yake zuwa, ɗan hagu kaɗan, yana ƙirga numfashi. Hrefna kan taso sau uku ko huɗu kafin ta yi dogon nutso, kuma a na uku ake harbi, daga mita ashirin. Duk wannan Steinunn ta sani sarai. Amma a wannan lokacin ko kusa dokar ba ta faɗo mata a rai ba.

Huci na biyu ya zo daga gaba sosai, har aka ga inuwar baƙin baya ta lanƙwasa ta nutse. Baƙi suka ja numfashi. Hannun ya kife, ya danna ƙasa sau biyu, ya ɗan nuna hagu, ya dunƙule. Inji ya mutu. Kría ta zame a kan ruwa ba sauti.

Hrefna ta taso a gabansu, ɗan dama da goshin jirgi, kusa har ana ganin ruwa na gangarowa daga fatarta. Hancinta ya buɗe, ta fesa. Bayanta ya biyo, dogo, baƙi, mai sheƙi, daidai inda maharbi ke so.

Hannuwan Torfi biyu suka tashi. Suka kama wani abu a iska, a tsayin ƙirjinsa, kafaɗarsa ta sunkuya, kansa ya karkata yana saiti. Babu komai a wurin sai hazo. Steinunn ta ga yatsansa na dama ya lanƙwashe ya ja.

Ba ƙara, ba hayaƙi. Hrefna ta nutse salin alin. Torfi ya tsaya a haka, hannuwa a sama, bai motsa ba.

Sai ga ta kuma. Maimakon dogon nutso, ta juyo ta biyo gefen jirgi a hankali, ƙasa da ruwa kaɗan, fararen zanen fikafikanta na haske. Da ta zo daidai goshi ta mirgina a gefe ɗaya, ta fito da ido, ta dubi abin da ke sama. Ta wuce ta ƙarƙashin Kría, ta ɓullo ɗaya gefen, ta sake zagayowa. Minti goma sha biyu tana wannan. Baƙi suka rikice, masu kuka na yi, masu dariya na yi, mai jar fuska ya rungume wata tsohuwar da bai sani ba. Bylgja ta manta da makirfo a hannunta. Daga ƙarshe hrefna ta lanƙwasa bayanta sosai ta tafi abinta.

A lokacin ne jikin Steinunn ya yi sanyi. Ta dubi inda jirginta ke tsaye, ta tuna ta inda ta biyo, ta gane abin da ta yi. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta tayar da inji ta juya gida.

Annegret ba ta sauka daga ɗakin tuƙi ba duk tsawon abin. Sai da suka yi nisa ta yi magana.

"Na fita kallon nan ya fi sau ɗari, ban taɓa ganin irin na yau ba. Mutanena za su yi ta labarinsa har su mutu." Ta dubi takardarta. "Amma ta baya kika bi ta, Kyaftin. Kuma na ga hannun dattijon can. Mene ne aikinsa a da?"

Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi. A ce masunci ne, a ce sanyi ne ya kama masa hannu. Steinunn ba ta ko dubi ƙaryar ba.

"Maharbinsu ne. Mahaifina ne, ni nake tuƙa masa. Shi ya samo miki kifin nan da hancinsa a inda jirage huɗu suka kasa. Bin baya kuwa ni na bi. Shi ba ya riƙe da sitiyari."

"Sai na rubuta, kin sani."

"Rubuta. Steinunn Torfadóttir, kyaftin. Kawo in rubuta miki sunan da kaina, kada ki ɓata shi."

Annegret ta miƙa mata takardar, ta rubuta, ta mayar.

Biyu da minti goma Kría ta jingina da tasha. Baƙi suka sauka suna cire jajayen riguna, kowa sai ya tsaya ya girgiza hannun Torfi, shi kuma yana miƙawa kamar hannun ba nasa ba. Suka bazu cikin gari neman rigunan ulu da katin hoto kafin lokaci ya cika. Annegret ta tsaya da Kolbeinn minti biyu, ta nuna masa takarda, ta wuce. Ya taho yana huci, kunnuwansa sun yi ja.

"Mita ashirin, Steina! Ta baya! Ke da kike zagin mutane a rediyo!"

"Ni ɗin."

"Kuma tsohon ya tsaya yana harbin iska a gaban mutum arba'in masu waya a hannu!"

"Kifi suke kallo, ba shi ba. Amma ko sun gani, ba abin da zan musa."

"Na gaya miki sau ɗaya ya rage."

"Ka gaya mini. Karanta takardar da kyau, sunan wa ke ciki?" Ta matso har sai da ya ja baya taku ɗaya, ya waiwaya ya ga inda bakin tashar yake. "Kyaftin ɗaya ne a jirgin nan, Kolbeinn. Tsoho ya ɗaga hannu, wannan aikinsa ne tun kafin a haife mu. Ni ce na san doka, ni ce na bi. In hukunci za ka yi, ga ni. Ka dakatar da ni mako guda, wata guda, ba zan ce uffan ba, na cancanta. Yau da yamma kuma zan hau rediyo in gaya wa sauran kyaftin abin da na yi da bakina, kafin su ji a wani wuri. Amma ba za ka sauke shi saboda laifina ba."

"In dakatar da ke? Da jirgi gobe, da jirgi jibi? Wa zai tuƙa, ni?"

"Allah ya kiyaye. Baƙin ba su yi maka laifin komai ba."

Kolbeinn ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi goshin jirgi, inda Torfi ke zaune a kan akwatin igiya, ya ba su baya.

"Gobe in hannun nan ya sake tashi fa?"

"Ba zan bi ba."

"Kin tabbata?"

Ta buɗe baki za ta ce ƙwarai, ta fasa. "Yau na san yadda abin ke shigowa. Jiya ban sani ba. Iyakar abin da zan ce maka ke nan."

"Bayan bazara za ki yi mako biyu a ofis kina amsa waya, in ga yadda za ki ji. Shi kuma..." Ya ɗaga kafaɗa. "Ki gaya masa ya zo da wuri. Kuma ya daina kwance mini igiya."

Da ya tafi, Steinunn ta tsaya ta ja numfashi mai tsawo. Hazo ya fara yayewa, babban jirgin ya fito fari fat a bakin mashigin, ƙananan jiragensa na kwasar mutane suna mayarwa. Ta nufi goshi, ta shirya jin cika baki, don ta san mahaifinta. Tana jira ya ce wa ya gaya musu tsoho ya ƙare.

Bai ce ba. Yana zaune, hannuwansa biyu a buɗe a kan gwiwa, yana kallonsu. Ko tabar bai taɓa ba.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Ko kalma ɗaya ba ka faɗa ba."

"Na ja, Steina."

"Na gani."

"Ba wasa nake ba. Har zuciyata na ja. Da bindigar na nan, da yanzu muna jan ta a gefe." Ya ɗago kai ya dube ta. "Kin ga abin da ta yi bayan nan?"

"Na gani."

"Ni ban taɓa gani ba. Ɗari nawa na tsaya musu a wannan wurin, a wannan numfashin, kullum daga nan sai ƙara da hayaƙi da igiya na gudu. A wurina nan labarin ke ƙarewa. Ashe akwai saura." Ya shafa gemunsa. "Ta juyo ta dube ni, 'yar nan. Ido cikin ido. Ba ta ma san wane ne ni ba."

Steinunn ta zauna kusa da shi a kan akwatin. Tsoro ya kama ta, sabo, wanda ba ta shirya masa ba. Ta ƙwato masa wurin daga hannun Kolbeinn, amma in shi da kansa ya ce ya gama fa? Babban jirgi ya busa ƙaho sau ɗaya, tsuntsayen tasha suka tashi gaba ɗaya.

"Ya kore ni?" in ji Torfi.

"Bai isa ba."

"Uhm." Ya juya hannuwansa, ya dubi bayansu. "Gobe akwai wani jirgin?"

"Akwai. Ƙarfe tara za mu fita."

"To ki ji. Zan tsaya a goshi, zan samo miki su, da baki zan gaya wa Bylgja inda suke, ita ta gaya miki. Amma ki nemo mini wani abu da zan riƙe. Mai nauyi, wanda sai da hannu biyu. Ban yarda da hannuwan nan ba tukuna."

Ta dubi hannuwan, manya, masu tabo, a kan gwiwarsa. Ta ɗora nata a kai ta danne su.

"Zan nemo, Baba. Tashi mu je ka ci abinci."